Ranar da Na Tura Zalɓe Har Cikin Buza

A cikin shekarun da na yi ina yi wa shanu allura a ƙasar Madawa, akwai yini guda da har gobe bai fita raina ba, kuma ko raina ya manta, ƙuguna ba zai manta ba. Tun da kun ce in ba ku labarin aikin da, ku da kuka tarar da motocin sarbis da sandukin ƙanƙara, to ga shi. Amma sai na fara gaya muku yadda abubuwa suke a lokacin, in ba haka ba ba za ku gane inda dariyar take ba, balle inda tsoron yake.

A zamanin nan babban likitan dabbobi Nasara ne, kuma ba a Madawa yake zaune ba, sau biyu ko uku muke ganinsa a shekara. A ƙarƙashinsa akwai mu masu allura, waɗanda muka yi lakwal, wato makarantar boko, sannan aka koya mana aikin. Ni kaɗai ne a wannan yanki, tun daga Madawa zuwa Buza har bakin ƙasar Keita. A takarda likita ne shugabana, amma a bariki kowa ɗan kumandan ne, Nasaran da ke mulkin ƙasar. Shi ke sa hannu a takardar turne, wato izinin fita rangadi, shi ke ba da man inji, kuma shi ke da kaso, wato gidan yari. Daga shi sai ƙaramin kumandan, sai tafinta da masu rubutu a biro, wato ofis, sai gardi, 'yan sandan bariki, da sajan ɗinsu.

Babban abokin gabarmu bushiya. In ta shiga garke, sai ka ga saniya tana hawaye da majina, ta ƙi kiwo, ta yi zawo, kwana kaɗan ta faɗi, kuma ba ɗaya-ɗaya take ɗauka ba. Maganin a kwalabe yake zuwa mana, ba ya jure zafi. Mukan naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma a cikin akwatin katako, in ya wuce 'yan kwanaki ba a yi amfani da shi ba ya zama ruwan banza. Wadda aka yi wa allura a ɗan gutsure mata kunne, don a san ta sha.

Allurar kanta ba wuya gare ta ba. Wuyar ita ce a kawo maka shanun. Bafulatani in ya ga mutum da wando da takarda, ya san ƙirga aka zo yi, kuma bayan ƙirga jangali ke biyowa. Sai da na shekara uku ina bin rugage ina shan nono da baƙar magana kafin Arɗo Juli, dattijon makiyayan da ke arewacin Buza, ya yarda ya tara mini garkuna. Sai da na yi masa alkawari biyu: ba na zuwa da kowa, kuma ba na rubuta sunan mai shanu.

Yanzu sai babur. Ƙirar Ingilishi ne, baƙi, mai nauyi kamar ɗan maraƙi, da wani zane ruwan zinariya a jikin tankin wanda ya kusa gogewa. Asalinsa na wani Bature ne mai sayen fatu da ke shigowa daga wajen Sakkwato kafin yaƙi. Babur ɗin ya mace masa a kasuwar Madawa, ya yi fama ya gaji, ya ce mai so ya saya. Na sayar da dokina da bijimin da na gada, na karɓe shi. Mahaifiyata ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwata, ta ce ba ta taɓa ganin mai hankali ya ba da abin da ke cin ciyawar Allah ya ɗauko abin da ke shan mai ba. Wata huɗu na yi a kansa, ni da wani direban kamyo, wato babbar mota, kafin ya yi numfashi.

Yana da hali irin nasa. In ka taka shi da wasa, sai ya mayar maka da harbi ya bar ka da ɗingishi. Duk inda ya kwana sai ya bar ɗigon baƙin mai a ƙasa, har matata ta hana shi shiga tsakar gida. Amma in ya tashi, yana da wata murya mai kauri, dum, dum, dum, ɗaya bayan ɗaya, wadda ake ji daga bayan kwari. Fulani suka sa masa suna Bajimi. Da sun ji shi sun san mai allura ne, kuma shi kaɗai ne.

Ana nan yaƙin Turawa ya ɓarke. Faransa ta sha kashi, Nasaranmu suka ɓata da Ingilishi, aka rufe iyaka. Yadi ya ɓace, sukari ya ɓace, man inji sai da takarda. Aka shiga karɓar hatsi da dabbobi da sunan yaƙi, makiyaya suka zama kamar aljanu, ka ga sawunsu ba ka gan su ba. Har aka fara rubuta duk wani abin hawa mai inji da ke hannun mutane don bariki ta karɓa, kuma wani abokina a biro ya raɗa mini cewa Bajimi na cikin takardar.

Bayan kaka ta wannan shekara sai labari ya zo cewa bushiya ta ɓulla wajen Keita. Arɗo Juli ya aiko mini da baki: ranar Alhamis zai tara garkuna a wani tafki da ke bayan Buza, za su jira ni daga safe zuwa azahar, in ban zo ba su watse. Magani ya iso ranar Talata. Ranar Laraba da la'asar, na je biro karɓar takardar turne, sai kumandan ya ce in shigo in rufe ƙofa.

Ya ce gobe ƙaramin kumandan zai bi ni a bayan babur. Ya ce tun da safe sajan da gardi huɗu sun yi gaba a kan dawaki, suna jiranmu a kampamar Buza, wato masaukin baƙin gwamnati. Bai ce mini da igiyoyi suka tafi ba, amma na riga na ga ana ɗaure su a sirdi. Na ce masa babur ya tsufa, ba ya ɗaukar mutum biyu. Ya ce to ba laifi, sai ƙaramin kumandan ya hau shi kaɗai, ni in bi a ƙasa, in an dawo kuma babur ya zauna a bariki. Ya tambaye ni sunan wurin taron, na ce ba shi da suna, da ido na san shi. Sai ya sa wani gardi ya raka ni gida ya kwana a zaurena, wai don ya tashe ni da wuri.

Babu halin aika saƙo. Na auna abin ta kowane gefe. In na kai su tafkin, za a kama bijimai masu yawa, kuma daga ranar babu Bafulatanin da zai sake tsayawa in ya ji ƙarar Bajimi, ko da bushiya na cin garkensa. In na ƙi, ga kaso, ga kora, ga babur ya tafi. Abin da ya rage mini shi ne in kashe lokaci a hanya har azahar ta wuce. Magani zai lalace, amma gara asarar kwalabe da asarar bakin da na ba dattijo.

Shi wannan ƙaramin kumandan watansa huɗu da zuwa. Saurayi ne dogo siriri, mai dogon wuya da dogayen ƙafafu, shi ya sa mutanen gari suka sa masa Zalɓe. Ba ya yawan magana. Yakan gaida har 'yan kaso masu ba itatuwan bariki ruwa, saboda haka kowa ya ɗauke shi sakarai. Ni ma haka na ɗauke shi, ba zan ɓoye muku ba.

Muka tashi bayan asuba, akwatin magani a gefe guda, jakar kayan gyara a ɗaya gefen, Zalɓe a baya kan matashin da na ɗaura, gwiwoyinsa sun kusa kai mini kunne. A ƙarƙashin tankin babur, daidai gwiwar hagu, akwai ɗan makullin mai. In ka rufe shi babur ba ya mutuwa nan take. Zai ci gaba da ɗan abin da ya rage a karbirato, ya yi tafiya kamar daga nan zuwa kasuwa, sannan ya yi tari biyu ya yi shiru. Na sa riga mai faɗi ranar, wadda ke rufe gwiwa da hannu duka.

Na bari sai da muka yi nisa da gari, muka doshi wata busasshiyar korama mai yashi, sannan na sa hannu ƙarƙashin riga na murɗa. A tsakiyar yashin Bajimi ya yi tari ya tsaya. Na sauka ina girgiza kai, na kwance buji, wato filogi, na hura, na goge, na ɗaga shi sama ina dubawa kamar mai duban wata. Na mayar, na taka sau goma, shiru. Sai na gaya wa Zalɓe cewa injin Ingilishi in ya yi irin wannan pan, wato mutuwar hanya, ba ya tashi sai an tura shi da gudu, kuma dole wanda ya san shi ya zauna a kai. Bai yi musu ba. Ya ajiye 'yar jakarsa, ya dafa bayan babur ya shiga turawa.

Akwai mata suna sussuka a wata gona kusa da wurin. Taɓare suka tsaya a sama. Ba su taɓa ganin Nasara yana tura baƙin mutum ba, ni ma ban taɓa gani ba, balle a ce ni ne a kai. Sai da na ji numfashinsa ya fara fita da ƙara, sannan na buɗe makullin a ɓoye. Babur ya kama, Zalɓe ya biyo shi da gudu ya haye, har yana dafa kafaɗata yana yaba mini.

Na biyu na yi shi a kan hanyar wata kasuwar ƙauye, inda jama'a ke wucewa. Wannan karon na shimfiɗa tsumma, na jera ƙarafa, na kwance abin da ba ruwansa da komai, na aika a samo ruwa na jiƙa tsumman magani, na sake kwance abin da na ɗaura. Rana ta ɗaga sosai. Zalɓe ya sake turawa, hularsa ta faɗi ta gangara, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Wani tsoho a kan jaki ya tsaya yana kallo, ya ce mini, “Malam, gaya ma Nasara in yana so mu yi musanya. Jakin ga nau bai taɓa pan ba.”

Zalɓe ya tambaye ni me tsohon ya ce. Na ce addu'a yake yi masa, Allah ya ba shi ƙarfi. Ya ɗaga wa tsohon hannu ya gode. In gaya muku gaskiya, a nan tsoron ya fara sakina, daɗin abin ya fara shiga. Na tuna duk tsayuwar da na taɓa yi a ƙofar biro cikin rana, na ce yau kowa ya ɗanɗana. Wannan daɗin ne ya ja ni na yi na uku, alhali da na yi tafiyar hawainiya kawai ma da lokacin ya kusa isa.

Duk wanda ya san tsohuwar hanyar Buza ya san akwai wani dogon hawa mai duwatsu kafin a hango gari. A gindinsa na rufe makullin. Da babur ya tsaya na sauka da sauri ina neman buji, ban lura na janye rigata daga kan tankin ba. Zalɓe ya sauka, ya miƙe bayansa, ya zagaya babur a hankali. Ya tsuguna ta gefen hagu ya daɗe yana kallo, bai taɓa komai ba. Sai ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa, ya ce da murya mai sanyi:

“Mamman, sau biyu ina turawa kana kai. Wataƙila injin ya gaji da kai ne. Wannan karon ni zan zauna, kai ka tura.”

Na ce masa babur ɗin ba ya jin hannun baƙo. Ya ce a gwada. Kafin in sake magana ya haye, ya kama ƙahonnin tuƙi, ya manna doguwar gwiwarsa daidai kan makullin. In na ce a buɗe, na tona wa kaina asiri. In na yi shiru, ga hawa. Na tattare riga, na dafa, na ce bismilla.

Ku da kuke ganin babur na tafiya, ba ku san nauyinsa ba sai ranar da kuka tura shi a kan dutse da mutum a kai. Ban yi nisa ba zufa ta rufe mini ido. Duk sanda na ce ya sauka in ɗan duba wani abu, sai ya ce a'a, ya ji injin ya kusa kamawa, in ƙara ƙoƙari kaɗan. Wani lokaci sai ya jefa shi a giya wai don ya gwada, tayar baya ta cije, ƙirjina ya bugi ƙarfe. Sai ya waiwayo da tausayi a fuskarsa ya ce saura ƙiris. Sau biyu muna tsayawa in huta, kuma duk biyun bai sauka ba, gwiwarsa ba ta matsa ko da faɗin yatsa ba. Har ya ba ni ruwa daga gorarsa.

Da muka kai sama na ce Alhamdu lillahi, ko gangara ta taimake ni. Sai ya riƙa taka birki, wai yana tsoron duwatsu. Haka muka shiga Buza, azahar ta gota, shi a zaune tsaf kamar ango, ni a baya rawanina ya warware yana jan ƙasa. Mutane suka fito ƙofar gida. Wani mahauci da ya san ni ya leƙo daga rumfarsa ya kira ni da laƙabin girma irin na Faransa, ya ce, “Mushe Mamman, yau kai na injin?” Na ci gaba da turawa ina haki.

A kampama sajan ya ƙame ya sara, leɓensa na rawa don dariyar da yake dannewa. Ya ce dawaki a shirye suke, in an tashi yanzu ana iya cim ma wani abu. Sai Zalɓe ya sauka, ya yi tangaɗi, ya dafe kai, ya ce rana ta buge shi, ba ya iya hawan doki. Ya ce ba wanda zai je ko'ina ba tare da shi ba, gardi su zauna su tsare ƙofa, a samo masa ruwa mai sanyi. Mutumin da ya yi rabin hanya a zaune, ni da na turo shi ina tsaye da ƙafafuna. Sannan ya juyo gare ni a gaban sajan ya ce:

“Kai wannan ƙarfen wajen maƙeri. Ka tafi da akwatin maganin, warinsa na tayar mini da zuciya. In ya gyaru, ka gwada shi a hanya, ka yi nisa sosai, kada ka dawo sai ka tabbata. Gobe da hantsi ka kai mu wurin.”

Ko a lokacin ban gane ba. Na ɗauka sa'a ce Allah ya ba ni.

Na ja babur zuwa maƙerar Tanko, wanda ya taɓa ƙera mini sandar birki. Mutane sun biyo ni suna son ganin yadda za a yi. Na raɗa masa cewa ya bugi duk abin da ya ga dama, ban da babur. Tanko ya duba, ya ga makullin, ya dube ni, ya gyara zama. Ya sa wani guntun ƙarfe a wuta, ya yi ta dukansa a kan uwar maƙera, ya tsoma a ruwa, ya zo ya ɗan taɓa injin da shi ta nan da can yana motsa baki. Ni kuma na buɗe mai, na taka sau ɗaya, Bajimi ya amsa. Jama'a suka yi kabbara. Tun daga ranar Tanko ya zama mai gyaran injin Ingilishi, har daga Keita ana kawo masa keken ɗinki, kuma bai taɓa gaya wa kowa gaskiya ba.

La'asar ta yi sanyi lokacin da na isa tafkin. Babu saniya ko ɗaya, sai kashi da sawu. Can ƙarƙashin wata bagaruwa na hango Arɗo Juli shi kaɗai a kan buzu, da butarsa da sandarsa. Na sauka, na gaishe shi. Ya ce:

“Tun da hantsi samari sunka ce a tahi, Mamman ya saida mu. Nic ce su kai shanu cikin kwari, ni ina nan. In ka zo kai ɗai, in kira su. In ka zo da gardi, tsoho guda za su samu.”

Na gaya masa komai, ban rage ba: kumandan, igiyoyi, gardi a Buza, da cewa gobe da hantsi dole in kawo su nan. Yana saurare yana zane a ƙasa da sanda. Da na kai wurin hawan dutse sai kafaɗunsa suka fara motsi, ya rufe baki da gefen rawani. Ya sa na maimaita masa maganar mahauci. Sai da ya share hawaye sannan ya ce in tayar da Bajimi in bar shi ya yi kuka.

Na taka, na murɗa masa mai. Ba a daɗe ba ƙahonni suka fara ɓullowa daga kwaruruka ta ko'ina. Muka yi aiki har ido ya daina ganin allura, samari na kayarwa, ina sokawa, wani na gutsure kunne. Da gari ya waye muka ɗora, har kwalba ta ƙarshe ta ƙare. Kafin rana ta yi tsawon mashi garkuna sun kama hanyar arewa.

Abin da ban zata ba, Arɗo ya sa kowane gida ya yi shawara, aka ware bijimai biyar, tsofaffi amma masu rai a jiki, aka ɗaure su a bagaruwar. Na ce masa ba dole ba ne. Ya ce kura in ta koma rami da yunwa, gobe da 'yan'uwanta za ta dawo, kuma yaron nan da na ba shi labari, wato Zalɓe, shi ma akwai wanda zai tambaye shi.

Na koma Buza na tarar da Zalɓe ya warke sarai, yana cin ƙwai. Muka zo tafkin, shi a bayana, gardi a kan dawaki. Fili ya cika da ɗanyen kashin shanu, ko makaho ya taka ya san ba na jiya ba ne. Sajan ya sauka ya tsinci guntun kunne a ƙasa, jini bai gama bushewa ba, ya kawo masa a tafin hannu. Zalɓe ya duba, ya tambaye shi ko shi ma ya yi karatun likitan dabbobi ne. Sajan ya ce a'a. Ya ce to wannan na makon jiya ne, ya yar. Arɗo ya kawo masa nono a ƙwarya, ya ce shanu sun yi arewa tun tuni saboda tsoron cuta, waɗannan biyar su ne abin da ya samu. Zalɓe ya sha nonon, ya rubuta biyar, ya sa gardi su kora su.

Da ƙurar dawakin ta yi nisa, ya rage daga ni sai shi, na zo zan tayar da babur. Sai ya riga ni. Ya sunkuya, ya sa yatsa biyu ya buɗe makullin mai ba tare da ya duba ba, ya ɗan danna karbirato har mai ya taso, ya gyara wani ƙaramin hannu da ke jikin ƙaho wanda ni kaina sai da na yi wata biyu kafin in san amfaninsa. Ya taka sau ɗaya. Bajimi, wanda ke harbin kowa, ya tashi lafiya lau kamar ya ga mai shi.

Ya ce, “Ubana makanike ne a garinmu. A cikin irin waɗannan na girma. Na farko ka ci ni. Na biyu na yi shakka. Na uku kuwa ka raina ni ne.”

Na fara neman kalmar ban haƙuri. Ya ɗaga hannu ya ce ba ya son jin komai, domin abin da bai ji ba ba zai rubuta ba. Ya ce shi ma tun daga Madawa yake tunanin yadda zai yi da wannan aike, bai samo ba sai da na ba shi. Amma bayansa ya yi ciwo, kuma ba ya barin bashin ciwo. Daga nan ya ce in koma baya. Shi ya tuƙa mu har Madawa, kuma ban taɓa sanin babur ɗin nan yana da irin wannan gudu ba.

Ba a tashi lafiya ƙalau ba. Kumandan ya yi faɗa har ana ji daga waje. Zalɓe ya rubuta cewa mun makara saboda injin Ingilishi ne maras amana, ya mutu sau uku a hanya, gardi da mutanen Buza duk shaida ne, kuma ba ya ba da shawarar bariki ta ɗauki irin wannan kaya. Aka cire Bajimi daga takardar karɓa. Ni kuma aka sa mini takardar gargaɗi a dosiyena, wato kundin aikina, wai na jawo jinkirin aikin gwamnati da abin hawa maras kyau, aka hana ni ƙarin girma na shekarar. Na yi kwana goma ina salla a zaune. Bushiya ta shigo wannan rani ta yi ɓarna a wurare, amma garkunan da suka sha allura a tafkin nan sun tsaya da ƙafafunsu. Zalɓe bai cika shekara biyu ba aka ɗauke shi, ban sake jin labarinsa ba, kuma har ya tafi bai sake ambaton maganar ba. In mun haɗu a bariki dai yakan tambaye ni lafiyar ƙuguna, fuskarsa ba alamar dariya.

Abin da nake so ku ɗauka a nan, ku masu fita daji yanzu, shi ne makiyayi ba don takardarku yake kawo dukiyarsa ba, don bakin da kuka ba shi ne. Ranar da kuka kira shi allura aka tarye shi da igiya, kun gama aiki a wannan ƙasa, ko da kuna da magani cike da mota, kuma wanda zai gaje ku ma kun gama masa. Wannan ya cancanci a sha wuya a kansa. Sannan a cikin manyan da ke ba ku umarni, ba duka ne ke son abin da aka aiko su yi ba, akwai mai jiran a ba shi ƙofa ya fita. Ku ba shi ƙofar, amma kada daɗi ya ɗebe ku ku mai da shi abin wasa. In kuwa har kun ƙudura sai kun yi wa na gaba da ku wayo, to ku fara tambayar sana'ar ubansa.